Majistir ko SOCPA? Amsar Kawu kan karatun akanta da odit a Saudiyya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Watan nan saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi kamar an haɗa baki, maganar cigaba da karatun akanta bayan digirin farko, wasu daga Makka wasu daga Jidda har da Madina. Na ɗauki guda huɗu, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri ya karanta waɗannan da kyau, insha Allahu zai tarar da tasa amsar a ciki.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Kawu ina yini, ya ibada. Ni haifaffen Makka ne a Hindawiyya na taso amma fasfo ɗina na Najeriya ne igama wato takardar izinin zama nake da ita. Nayi bakaloriyos ɗina wato digirin farko a muhasaba, karatun akanta kenan, a Khartum, na gama kafin yaƙin nan ya tashi Allah ya taimake ni na fito da takarduna. Yanzu ina aiki a wata mu'assasa ta kayan gini a Jidda, ni ke fitar da fatura wato takardar ciniki in rubuta abinda ya shigo da abinda ya fita, albashin dai ba yabo ba fallasa. Na ɗan tara wani abu, Umma ta dage sai nayi majistir wato digiri na biyu wai so take taji ana kirana dakta kafin ta bar duniya, abokaina kuma suna cewa ɓarnar kuɗi ce in nemi takardar ƙwarewar akanta ta SOCPA ko ACCA kawai. Wlh kaina ya kulle Kawu, kuɗin bazai kai duka biyun ba. Dan Allah wanne zan fara?

Ɗanka daga Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa Umma lafiya da nisan kwana, burinta mai kyau ne kuma kada ka bari wani aboki ya raina maka shi. Amma tunda ni ka tambaya, zan faɗa maka abinda zan faɗa wa ɗan cikina: a halin da kake yanzu, ga aiki a hannu ga kuɗi ƙalilan, takardar ƙwarewa zaka fara nema, majistir ya ɗan jira. Taura biyu bata taunuwa. Bari in warware maka dalili yadda kaima zaka iya zama gaban Umma ka fahimtar da ita cikin ladabi.

Majistir ƙofar jami'a yake buɗe maka. Wanda yake son koyarwa, ko yana da niyyar wucewa dakta, ko yana son zama mai bincike, to babu makawa sai ya bi ta nan. A nan ƙasar iri biyu zaka tarar, akwai wanda ake yin darussa sannan ka rubuta risala wato kundin bincike ƙarƙashin mushrif, malamin da ke duba aikinka, ka kare ta gaban kwamiti, akwai kuma na darussa zalla da ɗan bincike a ƙarshe wanda galibi na kuɗi ne kuma da yamma ake yi saboda ma'aikata. Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad da Jami'ar Sarki Abdul'aziz a nan Jidda duk suna yin majistir a muhasaba, kuma ba laifi karatu ne mai nauyi, aƙalla shekara 2 zaka ba shi. Mai igama irinka yana iya neman abinda suke kira minha dakhiliyya wato gurbin karatu kyauta na mazauna ƙasa, sannan tun 2022 aka buɗe dandalin Udrus fis Sa'udiyya na masu neman gurbi waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Sai dai guraben kaɗan ne masu nema da yawa, kuma sakamakonka na digirin farko shi zai yi maka magana ko ya kashe ka.

To amma ka tambayi kanka, ranar da ka shiga ofishin wani mudirin kuɗi neman aiki me zai tambaye ka? Na zauna a wancan gefen teburin sau da dama ina tantance masu neman aiki, wlh ban taɓa tambayar kowa taken risalarsa ba. Abinda nake son ji shine, zaka iya rufe lissafin wata ba tare da na tsaya a kanka ba? Zaka iya daidaita littafin kamfani da takardar banki ka nuna min inda riyal 300 suka maƙale? Ka taɓa shigar da iƙirarin dariba wato takardar bayanin haraji da hannunka? Ka san yadda ake fitar da bayanan kuɗi na ƙarshen shekara bisa ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa wato IFRS? Waɗannan su ne abincin yau da gobe, kuma jarrabawar ƙwarewa a kansu take gwada mutum.

Ka duba yadda aikin nan ya juya a gaban idonmu. A 2017 aka wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Tadawul bin ƙa'idar IFRS, sauran kamfanoni suka biyo baya a 2018. A ranar 1 ga Janairu 2018 aka fara karɓar harajin kaya wato dariba ta kashi 5 cikin 100, zuwa Yuli 2020 ta koma kashi 15. A 2021 aka haɗe hukumar zakka da haraji da ta kwastam suka zama ZATCA, a ranar 4 ga Disamba na wannan shekarar aka hana fatura ta rubutun hannu sai ta kwamfuta, daga Janairu 2023 kuma aka fara haɗa na'urorin kamfanoni kai tsaye da na hukuma rukuni rukuni. Kaga cikin shekara 6 kacal kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Na san dattawa abokan aikina da suka shekara 20 suna riƙe littafi lafiya lau, da abin nan yazo sai ga su suna neman yara su koya musu. Kai da kake fitar da fatura kullum kana zaune a kan ilimi mai tsada, watakila ma baka lura ba.

Sannan akwai abinda ba kowace ƙasa ke da shi ba, wato haɗuwar zakka da haraji a kamfani ɗaya. Misali sharika ce kashi 60 na ɗan ƙasa kashi 40 na baƙo. Kason ɗan ƙasa zakka ake cire masa, kashi 2.5 cikin 100, kuma ba a kan riba kaɗai ake lissafa ta ba, akwai abinda ake kira wi'a'uz zakka wato jimlar dukiyar da zakka ke hawa kanta, wanda sai ka san me ake ƙarawa me ake cirewa kafin ka kai gare shi. Kason baƙon kuma harajin riba ne kashi 20 cikin 100. Wanda ya iya wannan lissafin tsaf ba ya rasa mai nemansa, ko ba a ɗauke shi aiki na dindindin ba ƙananan mu'assasosi zasu riƙa lallaɓo shi ƙarshen shekara.

Yanzu ga maganar da bana son ɓoye maka, domin in na ɓoye na cuce ka. Aikin muhasib wato akanta yana cikin ayyukan da ake mayar wa 'yan ƙasa. Tun 2021 aka ce duk kamfanin da ke da muhasib 5 ko fiye dole kashi 30 cikin 100 su zama 'yan ƙasa, daga Oktoba 2025 aka ɗaga zuwa kashi 40, kuma an sanar cewa za a riƙa ƙarawa a hankali har kashi 70. Ƙasarsu ce, haƙƙinsu ne su nema wa 'ya'yansu aiki, babu abin ƙorafi. Amma kai da aka haifa a Hindawiyya baka san wani gida ba sai nan, a takarda baƙo kake, kuma kujerun da suka rage wa baƙi raguwa suke yi duk shekara. Wa za a bari a kan kujerun da suka rage? Wanda kamfani ba zai iya rabuwa da shi cikin sauƙi ba. Mai shigar da fatura kawai shi ake fara sallama, wanda yake rufe shekara ya zauna da masu odit ya amsa tambayar ZATCA shi ake riƙewa. Shi yasa nake maka gaggawa.

To tsakanin SOCPA da ACCA fa? SOCPA ita ce hukumar masu odit da akantoci ta Saudiyya, an kafa ta tun 1992, kuma ka riga ka san ta tunda baƙon da sana'ar igamarsa muhasib ce dole yayi rajista da ita. Rajista daban, zamala daban. Zamalar ita ce jarrabawa mai zafi da ta ƙunshi muhasaba da muraja'a wato odit da zakka da dariba da dokokin kasuwanci har da fiƙihun mu'amala, kuma a cikin ƙasar nan babu takardar da ta kai ta kwarjini. Amma ka sani lasisin buɗe ofishin odit da sunanka na 'yan ƙasa ne, kai zamalar zata ɗaga darajarka ne a cikin kamfani ko ofishin wani. ACCA kuma ta Ingila ce, da Turanci ake yinta, jarrabawa 13 ne amma mai digirin akanta ana iya yafe masa wasu har zuwa 9 gwargwadon jami'ar da ya fito, sannan sai ka cika wata 36 na aiki kafin ka zama cikakken mamba. Tana da tsada domin da fam ake biya, amma tana tafiya da kai duk inda ka nufa, Dubai ko Doha ko Abuja. In kuma zuciyarka na raya maka komawa gida wata rana, ka riƙe sunan ICAN, ita ce babbar ƙungiyar akantocin Najeriya tun 1965, akwai kuma wata ƙungiyar akantocin mai suna ANAN.

Ni a ganina, tunda a Makka ka tashi Larabci harshenka ne, ka fara da ƙaramar takardar nan ta ƙwarewa a dariba da SOCPA take bayarwa, kuɗinta bai kai na sauran ba kuma abinda kake yi kullum ne za a tambaye ka. In ka same ta gabanka zai buɗe, sai ka shiga zamala darasi bayan darasi kana aiki kana biya daga albashi. Amma a duk tsawon wannan lokacin ka riƙe Turanci da hannu biyu, kullum ko rabin awa ne, domin ranar da iska ta juya Turancin ne zai fitar da kai. Kuma ka koyi Excel koyo na gaske, ba tara lambobi kawai ba.

Wani abu kafin in manta, takardun nan naka na Sudan ka riƙe su kamar ƙwai. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 ɗalibai da yawa suke shan wahala wajen samun shahada da kashfin darajoji wato takardar sakamako, kai Allah ya fitar da kai da naka. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye wuri biyu ko uku, in akwai hatimin tasdiƙi wato na tantancewa da ya rage ka bi shi tun yanzu, domin SOCPA da ACCA da jami'a duk sai sun nema.

Ita kuma Umma ka gaya mata ba fasawa kayi ba. Ko yau ka shiga majistir sunan dakta sai bayan wasu shekaru masu yawa, kuma wanda ya shiga majistir bayan ya shekara 3 ko 4 yana aiki yafi sanin abinda yake nema a ciki, risalarsa ma tafi nama. Ka nemi addu'arta a kan wannan tsarin, na tabbata zata saka maka albarka.

TAMBAYA TA BIYU

Kawu barka da war haka. Ni mace ce daga Madina, mu 'yan ƙasa ne kakanmu ne yazo da ƙafa daga ƙasar Katsina tun da daɗewa amma har yau Hausa muke yi a gida. Na gama muhasaba bana kuma raina ya kwanta da ɓangaren muraja'a inaso in ƙware a kai ko ta majistir ko ta wata hanya. Matsalar Abba ne, yace aikin odit aikin tonon asiri ne da tara maƙiya, bai dace da 'ya mace ba, wai in nemi koyarwa. Shin gaskiya ne aikin kama ɓarayi ne? Kuma mace zata iya?

'Yarka daga Madina

AMSA

'Yata Allah yayi miki albarka, ki gaishe min da Abba da kyau. Tsoronsa tsoron uba ne kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma hoton da yake da shi na aikin bai cika ba.

Mai odit na waje ba ɗan sanda bane. Kamfani ne yake shirya bayanan kuɗinsa yace ga abinda na mallaka, ga bashin da ake bina, ga ribar da naci. Masu hannun jari da banki da hukuma basu da halin shiga su duba da kansu, sai a kira wani wanda ba ya cin albashin kamfanin yazo ya duba ya faɗi ra'ayinsa, shin bayanan nan sun nuna gaskiyar halin da ake ciki ko kuwa. Shaida ce kawai. Kuma ba kowace takarda ake bi ba, ina za a iya, kamfani mai fatura dubu ɗari? Samfuri ake ɗauka, a fi matsa wa wuraren da kuskure ko ha'inci ya fi saurin ɓuya. A ƙarshe ra'ayin ɗayan huɗu ne: ko ace komai lafiya, ko ace lafiya amma banda abu kaza wanda muke kira mutahaffiz, ko ace sam bayanan nan basu nuna gaskiya ba, ko kuma mai odit ya janye hannunsa yace ba a bani abinda zan kafa hujja da shi ba. Yawancin shekaru da yawancin kamfanoni na farkon ake bayarwa a sha shayi a rabu lafiya.

Amma ranar gwaji tana zuwa, bazan ce miki bata zuwa ba. Ina tuna wata shekara ƙarshen Disamba aka tura ni jardi wato ƙirgar kaya a wani sito can kudancin Jidda wajen Khumra. A littafi kaya cike, da ido ma in ka tsaya bakin ƙofa katan ne jere har rufi. Mai kula da siton yana ta jana da hira yana nuna min layin gaba, a ƙirga nan a ninka da yawan layuka a tashi, ga sanyi ga yamma tayi. Wani abu ya hana zuciyata kwanciya, nace a sauke min layi na huɗu daga ciki. Aka yi ta jan ƙafa, na zauna nace ina jira. Da aka sauke, wasu katan ɗin babu komai ciki, wasu kuma kayan sun lalace tun bara amma a littafi suna nan da cikakken farashinsu. Washegari sai ga leda an aiko min masauki, turaren oud mai tsada da ambulan a ƙasa, wai kyautar sabuwar shekara. Na mayar a ranar, na rubuta abinda na gani na miƙa wa shugabana. Ban kira kowa ɓarawo ba, ba aikina bane, adadin da na ƙirga kawai na rubuta. Kowa ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski, da na karɓi ledar nan da har yau ina yin askin.

Kuma ki gaya wa Abba wannan aikin yana da asali a wurinmu. A can garinku Madina Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo aka zauna lissafi sai yace wannan naku ne wannan kuma kyauta aka bani. Annabi ya hau mimbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ai da an ga ko kyautar zata zo masa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Duk abinda littattafan odit suke faɗa a babin 'yancin mai bincike, wato kada ya zama yana da wata maslaha a wurin wanda yake bincika, yana cikin wannan ƙissar. Ga kuma aya ta 282 a Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

In mai odit yayi sakaci kuwa ba shi kaɗai yake faɗuwa ba. Kamfanin Enron a Amurka ya rushe a 2001, ya tafi da kuɗin fanshon ma'aikata, ya kuma ja ofishin da ke masa odit wato Arthur Andersen suka nutse tare, shi yasa yau ake cewa manyan ofisoshin odit huɗu ne, Deloitte da PwC da EY da KPMG, a da su biyar ne. A 2020 kuma kamfanin Wirecard na Jamus, yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin, da aka tambayi bankunan kai tsaye sai suka ce basu san zancen ba. Darasin farko da ake koya wa sabon shiga kenan, kada ki karɓi takardar banki daga hannun wanda kike bincika, ki rubuta wa bankin ya amsa miki da kansa.

Mace zata iya? Sosai ma. Na yi aiki da mata a ofis waɗanda suka fi mu lura da haƙurin bin takarda, kuma yanzu ofisoshin Riyad da Jidda cike suke da su. Abinda zaki shirya masa shine lokacin matsi, daga Janairu zuwa Maris, domin kamfanonin Tadawul wata 3 suke da shi su fitar da sakamakon shekara, a wannan lokacin ana kaiwa dare kuma akwai zuwa wurin kamfanoni. In wannan ne zai tada hankalin gida, akwai odit na ciki, wato ki zama ma'aikaciyar banki ko kamfani ko hukuma kina duba tsarinsu daga ciki, lokacin tashi sananne ne, takardarsa kuma CIA ce mai jarrabawa 3.

Shawarata gare ki ta bambanta da ta ɗan'uwanki na sama ta fuska ɗaya, ke 'yar ƙasa ce, ƙofar lasisi a buɗe take gare ki, wata rana kina iya kafa ofis da sunanki ki sa hannu a rahoto. Saboda haka ki shiga ofishin odit ki yi shekara 2 ko 3 kina koyon aiki kina rubuta zamalar SOCPA. Majistir ki ɗora shi daga baya, kuma da shi ɗin koyarwar da Abba yake so ma zata samu, sai ki zama malamar da ta taɓa sauke katan da hannunta.

TAMBAYA TA UKU

Malam Kawu ni ɗalibi ne daga Zariya na kammala kulliyar Shari'a a Jami'ar Musulunci ta Madina. Ina sha'awar harkar bankin Musulunci, zan iya tsallakawa inyi majistir a muhasaba kai tsaye duk da ban taɓa karanta ta ba?

Almajirinku a Madina

AMSA

Malam Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Kai tsaye dai da wuya, galibin jami'o'i digirin farko a muhasaba suke nema, masu sassauci kuma sai sun ɗora maka darussan cike giɓi, kuma gaskiya suna da hujja, wanda bai san madin da da'in ba, wato ɓangarori biyun da ake rubuta kowane lissafi a kansu, in aka jefa shi ajin majistir wahala kawai zai sha.

Amma kada ka juya baya, domin akwai wurin da ake nemanka ruwa a jallo, shine odit na Shari'a. Banki zai ce yayi murabaha, wato ya sayi mota ya sayar wa mutum da riba sananna a biya a hankali. A takarda halal. To wa zai buɗe fayil ya duba kwanan wata ya tabbatar bankin ya mallaki motar kafin ya sayar da ita? In sa hannun sayarwa ya riga na saye, an sayar da abinda ba a mallaka ba kenan, kuma ribar wannan cinikin sai an fitar da ita. Akanta zalla zai ga lambobi sun daidaita ya wuce, malami zalla kuma ba zai san wane fayil zai buɗe ba. Mai ido biyun nan shi ne yake ƙaranci.

Hanyar da nake ganin tafi maka, akwai hukumar AAOIFI da ke Bahrain tun 1991, ita ke tsara ƙa'idojin lissafi da na Shari'a na cibiyoyin kuɗin Musulunci, tana da takardar CSAA ta mai ba da shawara da odit na Shari'a wadda da irinku aka yi ta, akwai kuma CIPA ta akantoci. Ka haɗa da darasin muhasaba na farko da na biyu ko a wata cibiya ce ta yamma, har ka iya karanta mizaniyya wato takardar dukiya da bashin kamfani ba tare da an fassara maka ba. In ka koma gida akwai cibiyar nazarin bankin Musulunci a Jami'ar Bayero Kano da take yin karatun gaba da digiri a wannan fanni, kuma tun da Jaiz ya fara aiki a 2012 wasu bankunan suka biyo baya, ga kamfanonin takaful wato inshorar Musulunci, ga sukuk wato takardun zuba jari na Musulunci na gwamnatin tarayya, duk suna bukatar mai duba musu.

TAMBAYA TA HUƊU

Kawu na gama darussan majistir saura risala, wata 5 kenan mushrif yana mayar min da take. Wani yace akwai masu rubutawa a biya su. Me zanyi?

Ƙaninka daga Makka

AMSA

Ƙanina kada ka kusanci masu rubutawar nan. Kai da kake karatun amana, in ka sayi risala me ya rage? Kuma ranar munaƙasha wato ranar kare risala, tambaya biyu ta isa ta tona komai, ga na'urar gano satar rubutu da jami'o'i ke amfani da ita.

Ina kyautata zaton taken naka faɗi yake yi da yawa, irin su tasirin IFRS a kan tattalin arziki, wanda mutum ɗari sun riga ka. Ka matse shi. Bayanan kuɗin kamfanonin Tadawul a buɗe suke kyauta a intanet, ka ɗauki ɓangare ɗaya kamar kamfanonin siminti ko na inshora, ka duba abu ɗaya tak, misali kwana nawa suke ɗauka kafin rahoton odit ya fito da kuma me ke jawo jinkirin. Ko ka sauko ƙasa kusa da gida, yadda ƙananan shaguna a Makka suka karɓi fatura ta kwamfuta, ko yadda ake riƙe lissafin waƙafi, ko yadda kamfanonin hidimar alhazai ke rubuta kuɗin da suka karɓa bana na aikin da sai baɗi za a yi. Kai kana da Hausa da Larabci, zaka iya zama da mutanen da wani ɗalibin ba zai samu su buɗe masa baki ba.

Satin nan ka rubuta take 3 kowanne a shafi ɗaya, ƙarƙashin kowanne ka faɗi tambayar da kake son amsawa, inda zaka samo bayanan, da bincike 5 da aka riga aka yi kusa da shi. Kada ka tura ta waya, ka nemi lokacin ofishinsa ka kai masa da hannunka, ka ce ya zaɓi ɗaya ko ya gyara maka ɗaya kafin ka tashi. In ya zaɓa ka rubuto min in ji wanne ne.